Yadda Ake Rarrabe Garmani Da Hankufa

Garmani, wanda ake yanka a ɗaura tsintsiyar share waje, ya yi kama da hankufa ƙwarai, har waɗansu na kiransa farar hankufa. Dukansu gashi gare su mai laushi, furensu kuwa rawaya ne.

Ganyen garmani yana da faɗi a gindi, ya tsuke wajen kai. Na hankufa ya fi tsawo, jijiyoyinsa sun lotsa. Furen garmani yakan kai faɗin farce, na hankufa kuwa ƙanana ne, cunkushe inda ganye ya haɗu da kara. Amma babbar shaida ita ce 'ya'ya. Ɗan hankufa ƙwaya 1 gare shi rak. Na garmani yakan rabu kashi 8 zuwa 10, kowanne da ƙaya 2 masu maƙalewa jikin dabba. Ta haka yake bin burtali, ya mamaye makiyaya, ya danne ciyawa, kamar yadda ya yi a ƙasar Maraɗi.

Saboda haka lalle malamin hakimi ya duba 'ya'yan kafin ya rubuta rahoto. In garmani ne, a umarci dagatai su sa a tuge shi da damina tun bai ƙosa ba, gama tsintsiyar da aka yanka da 'ya'ya shuka take yi duk inda ta share.