Cunkoson da Ido Ba Ya Gani: Me Ke Cinye Wi-Fi a Gidaje da Shagunan Ƙasar Gumel?

Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, kuka ɗaya ake ji daga Gumel har Maigatari: kuɗi ya hau, sabis yana nan jiya i yau. Masu kukan suna da gaskiya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, wani ɓangare na wannan asara a cikin ɗaki yake faruwa, tsakanin rauta, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi, da wayar da ke hannun mutum, tazarar da ba ta fi taku goma ba. Mun sayi data da tsada, ta iso har ƙofar gida, mu da kanmu muka tare mata hanya.

Kwanakin baya na shiga wani shagon buga takardu a Gumel, ɗalibai sun yi layi suna jiran a ɗora musu takardunsu a intanet. Rautar tana ƙasa bayan durowar ƙarfe, an rufe ta da tsumma saboda ƙura. Kusa da ita ga sifika mai Bluetooth tana ta aiki, ga kuma wayar tebur mara igiya, 'yar gwanjo, da aka jona a bayan rautar. Da wayar ta yi ƙara aka ɗaga, aikin da ke kan kwamfuta ya tsaya cak. Mai shago ya yi tsaki ya ce, "Netwok ya sake ɗaukewa." Netwok bai je ko'ina ba. Kayan shagonsa ne ke faɗa da juna.

Tushen matsalar zango ne. Yawancin rautoci masu araha da ƙananan MiFi na aljihu suna aiki a kan zangon gigahaz 2.4, wanda aka bar wa kowa ba tare da lasisi ba. Faɗinsa duka bai fi megahaz 83 da ɗoriya ba. An yanka shi layi 13, amma kowace rauta tana cin faɗin megahaz 20 ko fiye, alhali tazarar layi da layi megahaz 5 ce kawai. Shi ya sa layuka uku ne aka saba dogaro da su don ba sa taka juna: na 1, na 6 da na 11. A wannan ɗan fili ne Bluetooth ke tsalle-tsalle a kan ƙananan layuka 79, a nan kyamarorin tsaro marasa waya suke, a nan tsofaffin wayoyin tebur masu lamba 2.4 suke.

Wanda ya san kasuwar Maigatari zai gane wannan da sauri. Ranar Talata mutum biyu za su yi ciniki a kara cikin sanyin murya. Ranar Alhamis kuwa, da dillalai da masu lodi da kukan shanu, sai ka maimaita kuɗin sa sau uku kafin a ji ka. Wi-Fi yana da ladabi: yakan saurara, idan ya ji wani na magana ya dakata, idan saƙonsa ya ci karo da na wani ya sake aikawa. Tsohuwar waya mara igiya ba ta san wannan ladabi ba, da an ɗaga ta sai ta cika iska. Rauta ta yi ta jira da maimaici, mai kallon allo yana ganin abu na juyawa ba ya buɗewa.

Cunkoson ƙaruwa yake yi, domin yanzu kusan kowace wayar zamani tana iya zama rauta, kuma a jerin shaguna kowa da tasa. Kayan gwanjo sun ƙara dagula lissafi. Wayar tebur ƙirar DECT ta Turai tana kan megahaz 1880 zuwa 1900, ba ruwanta da Wi-Fi. Amma wadda aka ƙera don Amurka, mai tambarin DECT 6.0, tana kan 1920 zuwa 1930, daidai inda wayoyinmu ke aika saƙo zuwa ƙarfen sabis a tsarin 3G. Ta bar rauta lafiya, ta koma damun maƙwabta. Dalilin da ya sa doka ta ce sai NCC ta tantance na'urar sadarwa kafin a sayar ke nan, amma wa ke duba wannan a teburin mai gwanjo? Ga kuma gininmu: rufin kwano, ƙofar ƙarfe, shagon kwantena da tankin ruwa duk suna tare sigina ko su shanye ta.

Illar ba ta tsaya kan ɓata lokaci ba. Aikin da ya katse aka sake shi daga farko, data ce ta tafi sau biyu. Mutum ya sayi layi na biyu da na uku, ciwon yana nan, domin ba a layin yake ba. Mafi muni, wasu su sayo busta su kafa a saman rufi, abin da NCC ta sha gargaɗi a kansa saboda yana lalata wa unguwa sabis gaba ɗaya.

Wani zai ce wannan wanke kamfanoni ne. To, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar da ke nesa da ƙarfen sabis, ko ranar kasuwa da dubban wayoyi suka taru a kan ƙarfe ɗaya, ko a bakin iyaka inda waya kan kama layin Nijar, babu gyaran ɗaki da zai yi magani. Wannan hakkin kamfanoni da hukuma ne, kuma a ci gaba da binsu. Sai dai gane mai laifi ba shi da wuya: ka tsaya dab da rautar ka gwada, sannan ka koma inda ka saba zama. Idan a kusa tana gudu, a nesa tana rarrafe, matsalar ta gida ce.

Maganinta kuma kusan kyauta ne. A ɗaga rauta sama, a tsakiyar gida, nesa da ƙarfe da ruwa. A raba ta da gindin wayar tebur da sifika ko da taku uku ne. A shiga saitinta a kafe ta kan layi na 1, 6 ko 11, maƙwabtan shaguna su yi shawara kowa ya ɗauki nasa. Mai rautar da ke da zangon gigahaz 5 ya mayar da kwamfutocin da ke kusa can, domin ya fi yalwa, ko da yake ba ya ratsa bango sosai. Kwamfutar da ba ta motsi a ja mata waya. Wayar tebur mai lamba 2.4 ko DECT 6.0 a bar wa mai gwanjo kayansa.

Kirana ga masu gyaran waya da masu sayar da rauta a Gumel da Maigatari: ku ne mutane ke tambaya, kada ku sallami mai saye sai kun nuna masa inda zai ajiye ta da layin da zai zaɓa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.