Daɓen gareji: Fenti, efoksi ko tayil, wanne ne zai jure daminar Abuja?

Tun daga 2003, lokacin da gwamnatin Olusegun Obasanjo ta mayar da haƙƙin gida da na mota zuwa kuɗi a cikin albashi, da kuma 2005 da aka shiga sayar da gidajen gwamnati a Abuja zamanin Malam Nasir El-Rufai yana minista, ɗawainiyar gyaran gida ta sauka daga wuyan hukuma ta hau na ma'aikaci. Wanda ya samu nasa, ko ta hanyar wancan ciniki ko ta rancen Asusun Gidaje na Ƙasa da ake cire masa kashi 2.5 cikin 100 na albashi dominsa, shi ne ke biyan kuɗin duk wani kuskuren da magini ya tafka. Gareji kuwa shi ne wurin da aka fi barin wa sai an samu sarari, alhali babu daɓen da ke shan azaba kamar nasa: nauyin mota, zafin taya, ɗigon baƙin mai, man birki, ga ruwan batirin inbata da mutane da yawa ke jerawa a kusurwa.

Siminti tsurarsa yana da ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Ta nan mai ke nutsewa ya bar tabon da sabulu ba ya fitarwa, ta nan ne kuma saman ke narkewa ya zama ƙurar da ke bin takalmi har falo. Wannan ne ke kai mai gida kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, inda za a jera masa zaɓi huɗu ko biyar, kowane mai shago yana yabon nasa.

Mafi araha shi ne fentin ƙasa na bokiti ɗaya, wanda ake buɗewa a shafa. Yana da kyau a makon farko. Sai dai motar da ta taso daga Sakatariyar Tarayya ta bi babbar hanya zuwa Kubwa ko Lugbe da rana tsaka a watan Maris, tayoyinta na isowa da zafi. Zafin yana tausasa fentin, idan roba ta huce ta ɗan tsuke sai ta riƙe shi, da safe kuma ta tafi da shi. Shi ya sa irin wannan daɓe ke fara ɓarewa daidai wurare huɗun da tayoyi ke tsayawa. Wasu bokitan an rubuta musu sunan efoksi, amma muddin ba a haɗa ruwa biyu ba, fenti ne kawai da aka ɗan ƙarfafa.

Efoksi na gaskiya gwangwani biyu ne, ɗaya ƙaro, ɗaya sinadarin da ke daskarar da shi. Da zarar an gauraya su sai su fara canzawa zuwa wani abu mai tauri kamar gilashi, kuma mai aiki ba shi da lokaci mai tsawo, sau da yawa ƙasa da sa'a guda, a zafin bazara ma bai kai haka ba. Idan an yi shi yadda ya kamata, yana jure mai da fetur, ana goge shi da tsumma, yana kuma yin shekaru. Amma a nan ne aka fi cutar masu gida, domin kaurinsa ba ya ganuwa ranar da aka gama aiki.

Lissafin ba shi da wuya. Lita ɗaya ta efoksin da ba a tsinka da komai ba tana rufe murabba'in mita ɗaya da kaurin milimita ɗaya. Garejin mota ɗaya mai faɗin mita 3 da tsawon mita 6 murabba'in mita 18 ne, don haka kaurin rabin milimita yana buƙatar lita 9. Idan kuma kayan na ruwa ne wanda rabinsa ke ƙafewa a iska, abin da zai rage a ƙasa rabin wancan ne. Duk ɗan kwangilar da ya zo da lita huɗu ya ce ya wadatar, ya riga ya bayyana irin aikin da zai yi. Tunda yawancin waɗannan sinadarai daga waje ake shigo da su, kuma farashinsu ya bi dala sama bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023, sha'awar tsinka su da tina ta ƙaru. Ya fi kyau a rubuta adadin lita da yawan shafi a takardar yarjejeniya, a kuma buɗe gwangwanayen a gaban mai gida.

Babban abokin gabar efoksi a Abuja shi ne danshi. Damina na ɗaukar wajen wata bakwai, daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma gidaje da dama an zuba kankarensu ba tare da shimfiɗa ledar da ke tare ruwa a ƙarƙashi ba. Tururin da ke tasowa daga ƙasa yana ratsa siminti ya fita, ba wanda ya lura. Da an rufe saman da efoksi, sai ya rasa mafita, ya taru, ya tayar da ƙuraje, daga nan sai ɓawo. A unguwanni masu kwari irin su Lokogoma, inda ambaliya ba baƙuwa ba ce, wannan ne abin dubawa na farko kafin a yi maganar launi. Gwajin mai sauƙi ne: a yanki leda mai kauri kamar santimita 45 kowane gefe, a manne bakinta da salatef a kan daɓen, a bar ta aƙalla sa'o'i 16. Idan aka ɗaga aka ga raɓa a jikinta ko simintin ya yi duhu, akwai ruwa. Gwajin da aka yi a Janairu, lokacin da hunturu ya busar da komai, yana iya yaudara. Na Agusta ko Satumba ne ke faɗin gaskiya. Abin da ya fi dacewa shi ne a gwada da damina, a yi aikin da rani. Sabon kankare kuma sai ya cika kwana 28.

Kafin shafi dole a kankare fuskar daɓen da injin niƙa har ta yi kaushi kamar takardar yashi, a cire man da ya nutse, a cike tsagu. Wankewa da ruwan asid ya fi araha, amma ba ya cire mai ko tsohon fenti, kuma yana ƙara jiƙa wurin da ake so ya bushe. Masu aikin da suka ƙware sun fi son shafin farko da yamma, lokacin da simintin ke hucewa, domin da safe iskar da ke cikin kafofinsa tana faɗaɗa ta huda shafin da ƙananan ramuka. Bayan an gama, mota sai ta haƙura a waje na kwanaki, wasu kamfanoni har mako guda suke cewa.

Efoksi yana rawaya idan rana na dukansa, saboda haka bai dace da rumfar mota buɗaɗɗiya ba, wadda ita ce garejin gidaje da yawa a Gwarinpa da makamantanta. A nan ake ambaton foliyuretan a matsayin shafin sama, ko foliyasfatik, wanda kamfanin Bayer na Jamus ya samar a farkon shekarun 1990. Wannan ba ya canza launi, kuma ana iya shigar da mota washegari. Tsadarsa ta fi, saurin daskarewarsa kuma ba ya yafe wa hannun da bai saba ba. Wanda bai ga aikin da mai shafin ya yi shekara biyu da suka wuce ba, gara ya ja baya.

Kowanne daga cikinsu yana da santsi idan ya jiƙe, don haka a watsa yashi mai tsabta a shafin ƙarshe, ko da ƙyallin zai ragu.

Tayil shi ne abin da hannun magina na gida ya fi sabawa da shi, kuma wannan ba ƙaramin dalili ba ne. Nau'in foslen, wanda ruwan da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba, yana ɗaukar mota idan an cika bayansa da turmi ba tare da barin rami ba. Inda aka ɗiga turmi a kusurwoyi kawai, nan jak zai fasa shi. Layukan da ke tsakani ne ke riƙe mai, shi ya sa aka fi son masu duhu.

Akwai kuma zaɓin da masu shago ba su cika tallatawa ba, wato ruwan silikat da ke nutsewa cikin siminti ya haɗu da sinadarin farar ƙasa da ke ciki ya ƙara masa tauri. Ba ya ɓarewa domin ba shi da ɓawo, yana barin tururi ya fita, yana kuma rage ƙura ƙwarai. Ba ya ƙawata wuri, kuma man da aka bari ya kwana zai iya barin tabo. Ga daɓen da ya faɗi gwajin leda, shi ne ya fi hankali. Haka ma ga hadimin da zamansa a Abuja ke rataye da wa'adin shekara huɗu na maigidansa, ko ɗan haya da ba zai kwashe efoksi ya tafi da shi ba: ko wannan, ko fale-falen roba masu harɗewa da juna, waɗanda ake shimfiɗawa ba tare da gam ba, a ɗaga su a wanke ƙarƙashi, a kuma loda su a mota ranar tashi.