Lissafi A Aikace: Abin Da Ɗalibanmu Ke Yi A Jami'a Da Damar Da Ke Gabansu

A duk shekara, idan jami'o'i suka fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, akan samu iyaye da ke baƙin ciki don an tura 'ya'yansu sashen lissafi, alhali likitanci ko injiniya suka nema. Wasu yaran kan ajiye gurbin su zauna gida, wasu kuma su shiga ba da son ransu ba. Muna ganin wannan asara ce ga yaran da kuma ƙananan hukumominmu 44 na Jihar Kano, domin haka muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayanin wannan fanni, da abin da ɗalibansa ke yi, da inda yake kai mai shi.

Mene ne lissafi a aikace?

Masana sun kasa lissafi gida biyu. Akwai tsantsar lissafi, wanda ke binciken ƙa'idojin lambobi da siffofi. Akwai kuma lissafi a aikace, wanda ke ɗaukar waɗannan ƙa'idoji ya warware matsalolin noma, lafiya, ruwa, sufuri da kuɗi. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Malaminmu na zaure da ke raba gado ko fitar da zakka, lissafi a aikace yake yi. Tarihi ya kuma nuna cewa Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rasu a birnin Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a kan hatimi, wato jadawalin lambobin da jimlar kowane layinsa ke zama ɗaya. A zamaninmu kuwa akwai Farfesa Iya Abubakar, wanda ya yi digirin digirgir a Jami'ar Cambridge ta Ingila, ya koyar da lissafi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya kuma shugabance ta daga 1975 zuwa 1978.

Misalai daga rayuwar karkara

Bari mu ɗauki noman rani. Idan ruwa mai zurfin milimita ɗaya ya rufe hekta ɗaya, ya kai lita 10,000. Saboda haka shukar da ke buƙatar milimita 6 a rana a lokacin zafi za ta sha lita 60,000 a kowace hekta. Wanda ya san yawan hektocin da aka noma, da irin shukar, da abin da ke salwanta a magudanan ruwa, zai iya faɗin yawan ruwan da ya kamata a sako daga madatsar Tiga zuwa filayen Kadawa da Kura, ba tare da na ƙarshen magudana sun rasa ba. Irin wannan lissafi ake koya wa ɗalibai, sai dai a jami'a ana haɗa abubuwa masu yawa a lokaci guda, a saka su a kwamfuta.

Misali na biyu shi ne rigakafi. Masana lafiya sun ƙiyasta cewa yaro ɗaya mai cutar ƙyanda na iya sa wa mutum 12 zuwa 18 a cikin jama'ar da ba a yi wa allura ba. Idan muka ɗauki 15, to sai an kare mutum 14 daga cikin kowane 15 kafin cutar ta daina yaɗuwa, wato kimanin kashi 93 cikin ɗari. Wannan ne dalilin da ya sa ma'aikatan lafiya ke dagewa sai allurar ta kai kashi 95 cikin ɗari na yara. Hakimi ko dagacin da ya fahimci wannan zai gane cewa unguwa ɗaya da aka tsallake na iya dawo da cutar gari baki ɗaya.

Yadda ake shiga da abin da ake koyo

Ana karatun lissafi a Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, da Jami'ar Ahmadu Bello, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da sauransu. Ana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi, sannan a ci jarrabawar JAMB. Karatun shekara huɗu ne, amma mai shaidar NCE ko difloma ko IJMB kan fara daga aji biyu ya yi shekara uku. Bayan darussan lissafin kansu, ɗalibi zai koyi ƙididdiga, da rubuta manhajar kwamfuta, da dabarun tsara aiki ta yadda za a samu mafi yawan amfani da mafi ƙarancin kuɗi.

Ayyukan ɗalibai

Ɗaliban lissafi suna da ƙungiyarsu a sashensu, wadda kan shirya darussan bita, inda na manyan azuzuwa ke koya wa na ƙasa. Takan kuma shirya gasar kacici-kacici da laccoci. Muna jan hankalin iyaye da su ƙarfafa wa 'ya'yansu shiga waɗannan ayyuka, musamman yaron da ya fito daga makarantar karkara wadda ba ta da isassun malaman lissafi, domin a ajin farko ne aka fi samun masu karaya.

Har ila yau, Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda a yankin Abuja, wadda aka kafa a 1988, tana shirya gasar lissafi tsakanin ɗaliban jami'o'in Nijeriya, tana kuma gudanar da kwasa-kwasai ga masu karatun digiri na biyu da na uku.

Sai kuma zuwa koyon aiki a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda hukumar ITF ke kula da shi. A jami'o'i da dama ɗalibi kan bar aji na tsawon kimanin wata shida a shekararsa ta uku, ya je wata ma'aikata. A shekarar ƙarshe kuma kowane ɗalibi zai rubuta kundin bincike a ƙarƙashin kulawar malami.

Damar da ke gaba

Wanda ya gama zai iya neman aiki a Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ko ta jiha, da Hukumar Ƙidayar Jama'a, da hukumar NiMet mai fitar da hasashen damina a kowace shekara, da bankuna, kamfanonin inshora da na wayar sadarwa. Aikin koyarwa ma yana nan, kuma makarantun sakandarenmu na karkara suna matuƙar buƙatar malaman lissafi.

Ga mai son ƙaro ilimi, akwai cibiyar AIMS da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, wadda daga baya ta buɗe rassa a Senegal, Ghana, Kamaru da Ruwanda. Ɗalibin da ta ɗauka kan yi digiri na biyu tare da tallafin kuɗin karatu, masauki da abinci. Haka nan cibiyar ICTP da ke birnin Trieste na Italiya, wadda Farfesa Abdus Salam ya assasa a 1964, tana ɗaukar ɗaliban ƙasashe masu tasowa kwas ɗin shekara ɗaya. Abin da waɗannan cibiyoyi ke dubawa shi ne kyakkyawan sakamako da takardar shaida daga malamai. A cikin gida kuma, asusun NELFUND ya fara bai wa ɗaliban manyan makarantun gwamnati rancen karatu marar ruwa a 2024.

Kira ga shugabanni da iyaye

Sau da yawa ɗalibin lissafi kan yi ta yawo da takardar SIWES a cikin birni yana neman wurin da za a karɓe shi, alhali sakatariyar ƙaramar hukumarsa tana da aikin da zai iya yi. Sashen lafiya yana da rajistar haihuwa da ta allurar rigakafi, sashen gona yana da sunayen manoma da bayanin rabon taki, sashen ilimi yana da yawan ɗalibai da malamai, sashen kuɗi yana da rasit-rasit na kasuwanni. Yawancin waɗannan bayanai suna ajiye a cikin fayil ba mai nazarinsu. Ɗalibi ɗaya, a wata shida, zai iya shigar da su kwamfuta ya nuna mazaɓar da ke da ƙarancin azuzuwa, ko watan da zazzaɓin cizon sauro ya fi tsananta, domin a tanadi magani kafin lokacin.

Domin haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da shugabannin sassa da su karɓi waɗannan ɗalibai, su ba su aiki na gaske, su kuma ba masu rubuta kundin bincike damar duba bayanan da doka ta yarda a duba, tare da sakaya sunayen mutane. Muna roƙon hakimai, dagatai da masu unguwanni su wayar da kan iyaye, kada a bar yaro ko yarinya su ajiye gurbin lissafi don jin cewa ba shi da makoma. Ɗalibai kuma su riƙa ziyartar ƙauyukansu lokacin hutu, su koya wa ƙannensu masu shirin jarrabawa.

Allah ya yi wa karatun 'ya'yanmu albarka, ya amfanar da jiharmu da ƙasa baki ɗaya da iliminsu, amin.