Tsohon Keken Rubutu da Yadda Ake Gane Shekarunsa

Mai sha'awar tara tsofaffin kekunan rubutu a gari irin Sahon Rami ba kanti zai nufa ba. Ɗakin ajiyar makarantun firamare zai leƙa, ko ya shiga Kontagora ya tambayi dattawan da suka yi akawu a zamanin En'e, ko masu buga takardar rantsuwa a bakin kotu, waɗanda kwamfuta ta kore su daga sana'a. Samun keken ba shi da wuya sosai. Sanin ko shekararsa nawa, nan aikin yake.

Kamfanin Remington na Amurka ya fara fitar da tafiretarsa kasuwa a 1874, bisa ƙirar Christopher Sholes, kuma daga nan jerin haruffan QWERTY ya samo asali. Amma wanda ya ci karo da irin wannan a ƙasar Hausa sai dai a ce ya taki sa'a. Abin da aka fi gani shi ne Imperial na Ingila, Olympia na Jamus, da Olivetti na Italiya. Kowanne yana da lamba da aka buga a jikin ƙarfensa, galibi a ƙarƙashi ko kusa da abin da ke jan takarda, kuma masu bincike sun tattara jerin waɗannan lambobi da shekarun da aka ƙera su.

Maɓallan ma suna da nasu bayani, kuma a ganina sun fi lambar daɗin karantawa. Naira ta maye gurbin fam a 1973. Keken da ke da alamar fam, to ko dai ya riga wannan shekara shigowa, ko an ƙera shi ne don kasuwar Ingila. Akawun da ya gaji irinsa sai ya buga N, ya koma baya, ya ɗora mata layi biyu. Haka ɓ da ɗ da ƙ: yawancin kekunan ba su da su, don haka za ka ga tsohuwar takarda an bi ta da biro ana yi wa haruffa lanƙwasa, ko an bar su haka nan, mai karatu ya gane da kansa.

In an samu keken, kada a yi garajen zuba masa man inji, domin ƙura yake tarawa har sandunan haruffa su liƙe. Burushi da haƙuri sun isa. Ribon kuwa har yanzu ana samunsa. Robar da takarda ke naɗuwa a kanta ita ce matsala: zafi yana busar da ita ta yi tauri, haruffa su riƙa huda takarda.