Takardar Izini Da Burtali: Wa Ke Duba Manyan Gonakin Rusairis?

 Duk wanda ya taɓa ɗauko shanu daga wajen Kurmuk ko Gaisan, bakin iyakar Habasha, ya nufo Damazin da Rusairis, ya san ba a wucewa sai da takarda: ta likitan dabbobi, ta haraji, ta kara. Ba mu ƙi ba, doka ce. Abin da muke tambaya shi ne, su masu manyan gonaki da suka tare mana burtali, wa ke duba tasu takardar?

Bari mu faro daga tushe. Kakanninmu sun zauna bakin wannan kogi tun bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa gari kusa da Sannar. A da, sarakunan gargajiya ke tsare burtali da mashaya, su ke sa ranar da dabba za ta shiga karan dawa. A 1968 aka kafa hukumar noman tarakta, a 1970 aka yi dokar da ta mayar da duk filin da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati, a 1971 kuma gwamnatin Numairi ta rushe mulkin gargajiya. Daga nan aka shiga yanka daji, mashru'i ɗaya faddan 1,000 ko 1,500, a wurare irin su Agadi da Dali da Mazmum. Wasu kuwa ko izini ba su nema ba, tarakta kawai suka sa.

To, izinin nan ba kyauta ba ce zalla, da sharaɗi a cikinsa. Dokar gandun daji ta 2002 ta ce mai gonar damina ya bar kashi 10 cikin 100 na filinsa ga itatuwa, mai noman ban ruwa kashi 5. Wato mai faddan 1,000 ana bin sa bashin faddan 100 na dakwara da ɗushe da aduwa. Akwai dokar kare muhalli ta 2001 da ta ce a auna illar babban aiki kafin a fara shi, akwai ta makiyaya ta 2015. Tun da aka raba Sudan jihohi 26 a 1994, Damazin ta zama hedkwatar jiha, nauyi mai yawa na raba fili da bin sawunsa ya dawo wuyan gwamnatin jiha. Doka kam ga ta nan jingim. Mai zuwa ya duba ne babu.

Ku yi tafiya da kaka ku gani. Gona ta miƙe iyakar ganin ido, ba inuwar da akuya za ta fake, itacen an sare an yi gawayi. Inda labi yake da faɗi, an ci gefe da gefe har ya zama kamar lungun gida. Mun sha ganin jami'i ya zo da motar mai gonar, ya ci abincin mai gonar, ya koma ya rubuta komai lafiya. Ai ba a ba kura ajiyar nama.

Wani zai ce wannan matsalar Fulani makiyaya ce, mu ina ruwanmu? Ruwanmu na nan a aljihu. Bijimin da ka saya da tozo a bakin iyaka, in ya yi kwanaki yana tafiya ba kiwo ba mashaya, ƙashi za ka kai kara, mahauci ya taya maka abin da ya ga dama. In saniya ɗaya ta kauce ta faɗa riɗin wani, a kulle garke sai ka biya ɓarna. In ka ce mota za ka sa, kuɗin mai ya cinye ribar.

Fili kuma kullum ƙara tsukewa yake yi. Madatsar Rusairis da aka gama a 1966, an ƙara mata tsawon mita 10 aka buɗe a 2013, ruwa ya ci fadamu da ƙauyuka, aka ta da dubban iyalai. A 2011 Sudan ta Kudu ta ɓalle, kiwon rani na kudu ya koma wata ƙasa. Ta gabas ga gandun Dindir da aka killace tun 1935, dabba ta shiga sai tara. Duk wanda ya ga abin da ya faru a Rusairis da Wad al-Mahi a 2022 ya san inda rigimar fili ke kai jama'a. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 kuwa ya ƙara raunana ofisoshin da ya kamata su sa ido.

Mun koya a makaranta cewa Sayyidina Umar ya keɓe hurumin kiwo a Rabaza, kuma bai tsaya nan ba, ya naɗa wanda zai tsare shi. Hurumin da ba mai tsaro, sunansa gonar gobe.

Don haka muna kira ga shugabannin ƙungiya da abu huɗu. Na ɗaya, a nemi ma'aikatar gona ta jiha ta kafa duwatsun shaida a kowane burtali, a manna taswirarsa a kara. Na biyu, kada a sabunta wa mai mashru'i izini sai an je an ga itatuwansa da ido, tare da wakilin makiyaya da namu. Na uku, daga harajin da muke biya a ware kuɗin motar masu dubawa, su daina shiga motar wanda za su duba. Na huɗu, kowane madugu ya riƙa rubuta inda ya tarar da burtali a toshe, da rana da wuri, ya kawo ofishin ƙungiya, don magana a baki iska ce.

Mu ma mu riƙe namu sharaɗin. Yaran kora kada su bar wuta a daji, kada su sassabe itace don ba shanu ganye, kada a ratsa gandu da dare. Wanda takardarsa ta cika shi ke da bakin cewa a duba ta wani.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da kasuwa mai albarka, amin.