Tareni da Karɓar Baƙi a Babbar Sallah: Misali daga Lambara

1. Gabatarwa

Kusan kowace al'umma tana da wata rana a shekara wadda ake gane ta da irin naman da ake ci a cikinta. Mutanen Amurka, alal misali, suna da bikin godiya wanda Shugaba Abraham Lincoln ya mayar na ƙasa baki ɗaya a 1863, wanda kuma tun 1941 doka ta tsayar da shi a ranar Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba. A ranar akan gasa talotalo guda a tanda, dangi su kewaye teburi ɗaya, su ci a zama ɗaya. Bahaushe kuwa ragon layya ne nasa, sai dai tsarin ya sha bamban. Naman layya yakan kwana, a rarraba shi gidaje, a kuma adana saura har wata guda. Saboda haka duk aikinsa aikin kiyaye lokaci ne. Wanda ya yi kowane abu a kan kari ya fita kunyar baƙi da surukai, wanda kuwa ya yi sakaci na 'yan sa'o'i yana iya wayar gari da nama mai wari bayan ya kashe tattalin shekara guda.

Wannan maƙala ta dubi yadda ake tafiyar da wannan aiki a ƙasar Sakkwato, tare da ɗaukar misali daga Lambara, watau garin nan na ƙaramar hukumar Shagari da ke kan hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga ta nufi Jega. A wannan yanki ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Don haka ba abin mamaki ba ne a ga al'adar layya a nan tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da fiƙihun Malikiyya.

2. Zaɓen rago da kiwonsa

A mazhabar Malikiyya layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda ke da hali, kuma tumaki ne suka fi falala, sa'an nan awaki, sa'an nan shanu da raƙuma. Littattafan da ake karantawa a zaure, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, sun zayyana aibobin da ke hana dabba isa layya: harari-garke, watau mai ido ɗaya, da gurguwa wadda gurguntarta ta bayyana, da mai ciwo bayyananne, da ramammiyar da ba ta da kitse, da mai karyayyen ƙahon da ke zubar da jini. Rago kuma sai ya cika shekara. Hanyar gane wannan ita ce duba haƙora, domin daga shekara guda zuwa shekara da rabi ne manyan haƙora biyu na gaba kan maye gurbin na nono.

Irin tumakin da aka fi gani a kasuwannin yankin su ne Uda, mai launi biyu, gaba baƙi ko ja, baya fari, da Balami fari mai girman jiki, da kuma 'Yankasa. Mai saye ya shafa gadon bayan rago da gindin wutsiyarsa, domin a nan ake jin nama da kitse. Girman ciki ba shaida ba ne, don kuwa ragon da aka ɗura wa ruwa da kanwa ma yakan yi tulu.

Kuskuren da ya fi yawa a gida shi ne a sayo rago ana saura kwana uku, a cika masa kwano da gero ko dawa don ya yi ƙiba. Tumbin da bai saba da tsaba ba yakan yi tsami, cikin ya kumbura, wani lokaci har dabbar ta mutu a daren jajibere. Harawa da dusa kaɗan-kaɗan da ruwa mai tsabta sun wadatar. Haka kuma idan an yi wa rago allura, a tambayi malamin dabbobi kwana nawa maganin ke ɗauka kafin ya bar jiki. A daren Sallah a janye abinci a bar masa ruwa kawai, domin tumbin da bai cika ba ya fi sauƙin fitarwa ba tare da ya fashe a kan nama ba.

3. Tanadin jajibere

Abin da duk za a nema ranar Sallah, a jajibere ake tanadarsa: wuƙaƙe a wasa su, igiya, gishiri, tasoshi, ruwa mai yawa, sandunan tareni, da icce, kamar yadda Basakkwace ke kiran itace. Icce mai nauyi irin na ƙirya da marke shi ke barin garwashi mai daɗewa. A guji tumfafiya saboda dafin ruwanta, a kuma guji hura wuta da leda ko tsohuwar taya, ko da wajen babbakar kai da ƙafa ne, domin hayaƙinsu guba ne mai kama nama. Mata kuma a ranar suke daka yaji da tonka, watau barkono, su jiƙa shinkafar masa, su wanke akusa da kwanoni.

Wanda zai nemi barunje, watau mahauci, ya yi magana da shi tun da wuri, su yanke lada da kuɗi. Shari'a ta hana sayar da wani abu na layya, nama ne ko fata, ta kuma hana a biya mahauci ladarsa daga cikinta, ko da yake ana iya ba shi kyauta bayan an sallame shi.

4. Yanka da fiɗa

Ba a yanka sai liman ya yanka nasa bayan an sauko daga idi, wanda kuwa ya riga liman, namansa na miya ne kawai, sai ya sake. Kwanakin yanka uku ne, 10 da 11 da 12 ga Zulhajji, kuma da rana ake yi. Wannan sauƙi ne ga mai dabbobi da yawa, domin ba dole ba ne ya tara wa kansa aikin da ya fi ƙarfin hannuwan gidansa a yini ɗaya.

Da zarar an yanka, a bar jini ya tsiyaye sarai, a rataye a inuwa, a feɗe. Kayan ciki su ne farkon abin da ke lalacewa, don haka a fitar da su nan take, a cire matsarmama a hankali kada ta fashe ta ɗaɗɗaure hanta da ɗaci. A kai tumbi da hanji nesa da nama a wanke, kuma wuƙar da ta taɓa su kada ta koma kan tsoka sai an wanke ta. Hanta ce ake fara gasawa, domin an so mai layya ya kame baki har ya dawo daga idi ya buɗa da ita. Sauran kayan ciki su ne naman ranar farko, da su uwargida ke yin miya da farfesu, ta soya abin da ya rage.

5. Tareni

A Kano da wasu wurare an fi rataye rago ya kwana, kashegari a yanyanka a soya. A ƙasar Sakkwato kuwa, haka ma a sassa da yawa na Jamhuriyar Nijar, tareni ake yi. Akan buɗe ragon ta ƙirji a baje shi, a soka sanduna biyu masu tsini a gicciye, kowace daga cinya zuwa kafaɗar da ke ɗaya ɓangaren, sa'an nan a kafa shi a tsaye yana fuskantar wuta. Sau da yawa maƙwabta kan haɗa raguna da icce a ƙofar gida ɗaya, a jera su kewaye da wuta guda. Wannan ya rage cin icce, ya kuma sa a sami masu karɓa-karɓar tsaro.

Asirin tareni shi ne zafi ya gasa nama, harshen wuta bai taɓa shi ba. Idan aka matso da shi ƙwarai, baya ya ƙone ya yi ɓawo, ruwan da ke cikin cinya ya rasa hanyar fita, da safe a tsaga a tarar da ɗanye a jikin ƙashi, wataƙila ma ya soma wari. Idan kuma aka nisanta shi, ko wuta ta mutu cikin dare, naman ya zauna da ɗumi-ɗumi, wanda shi ne abin da ƙwayoyin cuta suka fi so. Masana kiwon lafiya sun nuna cewa tsakanin digiri 5 da digiri 60 na ma'aunin Salshiyos ne waɗannan ƙwayoyi ke hayayyafa da sauri, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zafin dahuwa ya kai digiri 70 har tsakiyar nama.

Dabarun da ke hana wannan kaɗan ne. A tsattsaga cinyoyi da kafaɗu har kusa da ƙashi, a shafa gishiri. A fara ba wuta ɓangaren ciki, inda haƙarƙari yake, daga baya a juya. A riƙa sauya wa raguna wuri idan iska ta karkata zafi gefe ɗaya. A ajiye kwano a ƙasa ya tari kitsen da ke ɗiga, domin yana da amfani wajen suya. Kafin a sauke, a soka wuƙa a wuri mafi kauri: idan ruwan da ya fito fari ne, ya yi, idan kuwa da sauran ja, a mayar.

Dole kuma a lura da yanayi. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 ko 11, don haka Sallah kan zagaya dukan lokutan shekara cikin kimanin shekara 33. A 2015 ta zo a watan Satumba, a 2024 ranar 16 ga Yuni, a 2025 kuma ranar 6 ga Yuni. Sallar da ta faɗo cikin hunturu tana yafe jinkiri, amma ta bazara, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato kan haura digiri 40, ba ta yafewa. Ta damina kuwa sai an tanadi rumfa da busasshen icce.

6. Rabo da karɓar baƙi

Kashegarin Sallah ne ake sassara nama a yi rabo. Malikiyya ba ta ƙayyade kaso ba, abin da aka so shi ne a haɗa uku: a ci, a yi sadaka, a yi kyauta. Ya kamata maigida da uwargida su zauna tun kafin a sa wuƙa, su lissafa gidajen da za a kai wa, domin mantuwa da gida ɗaya na iya zama abin magana har wata Sallar. Iyaye da surukai da malami akan kai musu wuri mai tsoka, kamar cinya ko kafaɗa. Amma waɗanda ya kamata a fara da su su ne maƙwabtan da ba su sami yankawa ba, da gwauraye mata, da marayu, kuma a kai musu da wuri, kafin yaransu su gaji da leƙen gidan wasu. A rufe kwano da faifai, a koya wa ɗan aike abin da zai faɗa: “Baba ya ce a gaishe ku da Sallah, ga wannan a sa wa yara a miya.” Ƙanƙanta kyauta da baki ladabi ne, ko da kwanon ya cika.

Baƙin Sallah ba su da lokaci guda, tun hantsi har bayan isha'i suke tafe. Maza a zaure, mata a cikin gida. A share, a shimfiɗa tabarmi, a ajiye buta da ruwan wanke hannu. Baƙo ana fara tarbarsa da ruwa ko fura, sai an gaisa sa'an nan a kawo tuwon shinkafa ko masa da nama. Hikimar uwargida ita ce ta riƙa fitar da abinci kaɗan-kaɗan, tukunya na kan wuta, maimakon ta juye duka tun da safe, domin dafaffen abincin da ya wuce sa'a biyu a ajiye cikin zafi ya soma zama abin tsoro, kuma baƙon la'asar yana da hakki daidai da na hantsi. Yara masu yawon Sallah a tanadar musu 'yan ƙananan tsokoki da goron Sallah. Idan nama ya ƙare, fara'a ba ta ƙarewa, shi ya sa Hausawa ke cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

7. Adana saura

Abin da ya rage akan yanka ƙanana a soya shi cikin kitsensa har ruwan ya ƙone sarai, a bar shi ya huce kafin a rufe, don kada gumi ya sauka a kansa. Narkakken kitsen, watau kakiɗe, idan ya daskare a kan soye yakan kare shi daga iska. Wasu kan yi dambun nama ko su shanya. A riƙa ɗiba da busasshen cokali, a kuma sake ɗumamawa bayan 'yan kwanaki. Mai firiji kada ya sakankance, domin naman da ya narke ya sake daskarewa saboda ɗaukewar lantarki ya fi soye haɗari. Wutsiyar rago kuwa akan busar da ita a ajiye har daren cika-ciki a watan Muharram, wata guda ke nan bayan layya.

8. Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa darajar layya a gidan Bahaushe ba ta tsaya ga girman ƙahon rago ba. Ƙaramin ragon da aka zaɓa da lura, aka tara shi da haƙuri, aka raba shi da adalci, ya fi ƙaton da aka ciwo bashi aka saya, rabinsa ya ruɓe. Shari'a ba ta ɗora layya a kan wanda kuɗinta zai taɓa abincin iyalinsa ba, Hausawa kuma sun riga sun yi gargaɗi da cewa Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi.