Yadda A Ke Jawo Hankalin Ma'aikata Ga Karatu Ta Intanet

A zamanin nan ofisoshi da kamfanoni da yawa su kan shirya wa ma'aikatansu darussa ta intanet, kowa ya karanta a kwamfuta ko a wayarsa. Wahalar ita ce, mutum ya kan fara da zafi, kafin wata ya ƙare ya watsar, gama ba malami a tsaye kansa. Akwai dabaru biyu da a ke yi don maganin wannan, ya kuwa kamata hakimai da malamansu su san amfaninsu da haɗarinsu.

Ta farko ita ce mai da karatu kamar wasa. Wanda ya gama darasi sai a ba shi maki, in makin ya taru a ba shi lamba, kana a jera sunaye a allo bisa ga ƙoƙarin kowa. Kamfanin Deloitte ya bi wannan hanya a makarantarsa ta koyar da shugabanci, ya kuma sa allon ya riƙa komawa sabo kowane kwana bakwai. Hikimar ita ce, in jeri ya daɗe bai sake ba, na gaba kaɗai ke murna, na baya su karai.

Ta biyu ita ce tuni cikin hikima, watau a sauƙaƙa wa mutum hanyar da za ta amfane shi ba tare da tilas ba. Waɗansu malamai biyu na Amurka, Richard Thaler da Cass Sunstein, su suka bayyana ta a littafinsu na 2008, Gwamnatin Ingila kuma ta kafa ofis dominta a 2010. Misalinta shi ne a sa sunan ma'aikaci cikin darasi tun farko, in ba ya so ya cire, sa'an nan a riƙa aika masa gajeren saƙo a lokacin da ya zaɓa da kansa. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan koyo, maimaitawa kuwa ta kan rage ta. Saboda haka bita ta minti biyar kullum ta fi zaman yini guda sau ɗaya a wata.

Amma a yi hattara. A 1971 Edward Deci ya gwada ɗalibai, ya ga waɗanda aka biya don warware wasan wasa ƙwaƙwalwa sha'awarsu ta ragu da aka daina biya. A 2011 kuma aka ba da labarin masu wanki a otal-otal na Disneyland, a Amurka, inda allo ke nuna saurin kowa a fili, har suka sa masa suna bulalar lantarki. Gasar da ta zama tonon silili tsoro ta ke haifarwa, ba ilmi ba.

Don haka shugaban da zai shigo da wannan tsari ya lura da abu uku. Ya ware wa ma'aikata lokacin karatu cikin sa'o'in aiki. Ya yaba wa na gaba a bainar jama'a, ya kira na baya a keɓe ya ji uzurinsa, gama watakila rashin wuta ne ko tsadar intanet. Daga bisani ya auna karatun da aiki, ba da maki ba: in magatakarda ya tara lambobi goma, amma wasiƙarsa da lissafinsa ba su gyaru ba, to, wasa kawai aka yi.